Hanyar Komawa

Rabe ya iso Ƙofar Ƙwaya da rana tsaka,
a watan da kwalta ke kama takalmi.
Riga ta manne masa a gadon baya.
Kujerar baya kwali goma sha biyu,
kowane kwali na kuka da baki hamsin.

'Yan tsaki ne, kwanansu ɗaya a duniya,
Mashi zai kai su kafin la'asar.
Ya ce, "Sada, fanka ta mutu tun Talata.
Na sayo sabuwa, an ɗaura, ita ma shiru.
Jiya talatin na zubar a hanyar Kaita,
ka ga ko uwar kuɗin ba ta dawo ba."

Na ce a sauke kwalayen ƙarƙashin dalbejiya.
Na ɗauko ɗan ƙwan gwajina,
wanda maigidana Tanimu ya bar mini
tare da magana guda:
fara da mai araha.

Fiyus na zare, na ɗaga shi ga rana,
zarensa lafiya lau.
Na murɗa makunni, kunnena kan rilai,
ya ce ƙyas, kamar an karya ashana.
To, wannan ma ya fita daga zargi.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu,
babu lambar da ta motsa.
Da a ce ta huɗu na busawa ita kaɗai
sai in ce rezista ce ta ƙone,
in aiki yaro kasuwa, mu huta.
Amma duka huɗun sun haɗa baki.

Na kwanta rigingine, kai ƙarƙashin dashbod,
ƙafa a waje tana gasuwa.
Gumi na shiga ido, ba hannun shafewa.
Na maƙala ƙwan a jikin ƙarfe,
na soka tsinin a soket:
ya kama tar!
Ashe wuta na zuwa har ƙofar gida.

Tsohuwar fankar da aka yi wa kora
tana cikin but, kusa da jak.
Na ba ta batir kai tsaye,
ta tashi da gudu har tana tsalle a hannuna.
Rabe ya riƙe haɓa.
Dubu nawa ya kashe
a kan laifin da ba ta yi ba?

Wuta baƙuwa ce mai sharaɗi,
ba ta shiga ɗakin da ba ta ga mafita ba.
Kowa na tambayar ta ina ta zo,
ni ina tambayar ta ina za ta koma.

Sai na bi baƙar waya da yatsa,
ta bayan bututu, ta gangara,
ta ɓuya ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa.
Na yaye. Wari ya buge ni.
Ruwan kaji na wata da watanni
ya tsiyaya ya kwanta kan ƙusa ɗaya,
ta yi kore, ta yi gari,
na taɓa ta, ta rugurguje kamar ƙuli-ƙuli.

Sanfefa, sabon noti, ɗan ɗigon girisi.
Na ce, "Murɗa."

Da farko tari ta yi,
sannan ta feso mana gashin tsaki
rawaya, laushi, cike da mota,
ɗaya ya sauka kan gashin bakin Rabe
ya ƙi tashi.

Ya ce nawa ne.
Na faɗa, ya ce, "Don ƙusa ɗaya?"
Na ce ƙusar kyauta ce,
kuɗin nemanta nake karɓa.

Ya biya rabi, ya cika da tsaki biyar.
Huɗu sun girma.
Na biyar, zakara ne yanzu,
bisa mataccen batir yake kwana,
kuma shi ke tashe ni kafin ladan.